Jinyar uwar mijina ta raba ni da coci, shin na yi zunubi?

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Jos, 'ya'yana uku. Tun ina budurwa nake cikin Lijon ta Maryamu, ƙungiyar addu'a da ziyara ta cocinmu, bayan aure na shiga Zumuntar Mata Katolika, kuma da wuya Mas ɗin safe, wato babbar ibadarmu ta coci, ya wuce ni. Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama uwar mijina a ƙauyensu ta wajen Shendam. Aka kawo ta asibiti a Jos, da aka sallame ta sai aka sauke ta a gidanmu. Ba ta tashi, ba ta riƙe fitsari, maganarta ba ta fita sosai. Ni ce wanka, ni ce ba da abinci, ni ce wankin zannuwa. Maigida ya fita da safe sai dare. Ƙaninsa yana Abuja, ƙanwarsa tana Bukuru, sai dai waya da ɗan abin da suka turo in sun tuna. Wata maƙwabciyata Musulma ce ma takan aiko da kunu.

Yanzu sai in yi Lahadi biyu, uku, ban je Mas ba. Taron Lijon na daina zuwa. A Zumunta an rubuta mini tara, wata ma ta ce na yi sanyi a bangaskiya. In na ɗauki rosari, carbin addu'armu, barci ke kwashe ni. Abin da ya fi damuna, matar nan ba ta taɓa ƙaunata ba, ta sha ce wa ɗanta ya yi zaɓen tumun dare. Kwanaki ta ɓata shimfiɗar da na canza yanzun nan, na daka mata tsawa har ta yi kuka. Wani lokaci zuciyata takan ce da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta. Anti, ina cikin zunubi ne? In na ce a mayar da ita ƙauye na yi laifi?

Wata baiwar Allah, Tudun Wada, Jos

Ƙanwata, sannu da jinya. Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi.

Zan fara da abin da ke hana ki sukuni. Rashin zuwanki Mas ranar Lahadi saboda babu wanda za ki bar wa marar lafiya ba zunubi ba ne. Ba lallashinki nake yi ba, koyarwar Ikilisiya ce a rubuce. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2181, ya ce zuwa Mas a ranar Lahadi da sauran ranakun wajibi dole ne, sai in da dalili mai nauyi, ya kuma kawo misalin rashin lafiya da renon jarirai. Tsohuwar da ba ta iya juya kanta a kan gado, wadda kurɓin ruwa kaɗai zai iya sarƙe ta, ba ta fi jariri iya zama ita kaɗai ba. In kika ƙara gaba kaɗan zuwa lamba ta 2186, za ki ga an ce tun fil azal Kirista kan keɓe ranar Lahadi don ayyukan alheri da hidimar marasa lafiya, masu rauni da tsofaffi. Ashe abin da kike yi da safiyar Lahadin da kike kuka a kanta yana cikin abin da aka yi ranar dominsa.

Ki tuna ayyukan jinƙai da muka haddace a ajin katikis: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar na kurkuku, binne matattu. Shida daga ciki bakin Yesu suka fito, a Matiyu sura 25, na bakwai kuma daga labarin Tobit aka ɗauko shi. To, ki ƙirga da kanki. Kafin rana ta take ke kin ciyar, kin shayar, kin tufatar, kin saukar da baƙuwa a ɗakin da 'ya'yanki suka matsa suka bar mata, kin duba marar lafiya ba sau ɗaya ba. Mutumin da ciwo ya ɗaure a kan gado shekara guda, yana kallon rufi ɗaya da taga ɗaya, shi ma ɗaurarre ne. A cikin wannan sura, da Yesu ya ce duk abin da kuka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwana ni kuka yi wa, bai gindaya sharaɗin cewa sai mutumin ya zama bare ba, bai kuma ce sai ya zama mai daɗin zama ko mai godiya ba.

Na san dalilin da ya sa ba kya ganin haka. A Lijon kin saba ku fita biyu-biyu, ku yi aikinku na awa biyu a mako, ku dawo taro ku ba da rahoto, a rubuta. A Zumunta kin saba a ɗaura zane iri ɗaya, a ɗauki omo da sabulu da buhun shinkafa a kai gidan marayu ana waƙa. Waɗannan duka ayyuka ne masu kyau, ni ma ina yinsu. Amma sun koya wa idonmu cewa aikin jinƙai abu ne da ake fita a yi, a dawo. Wanda ya biyo ka har gida ya kwanta a ɗakinka, yana wari, ba ya ƙarewa, babu mai tafa maka, sai mu kira shi wahala kawai. Waliyyi Binsent na Paul, wanda shi da Waliyya Luwiza ta Mariyak suka kafa ƙungiyar sistoci masu hidimar matalauta a Faransa a 1633, yakan gaya wa sistocin cewa in suna cikin addu'a aka kira su wurin marar lafiya, su tashi su tafi da kwanciyar rai, domin barin Allah ne saboda Allah. Sistoci yake gaya wa haka, waɗanda suka ɗauki alkawarin rayuwar addu'a. Balle ke mai miji da 'ya'ya uku.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wadda na ga kin ajiye ta sai ƙarshen wasiƙarki.

Tsawar da kika daka wa Mama ba daidai ba ce, ke ma kin sani, shi ya sa ta tsaya miki a rai. Ki gyara ta ta hanyar da kika sani. Gobe da safe in kin gama mata wanka, ki zauna a bakin gadon, ki riƙe hannunta mai lafiya, ki ce, "Mama, ki yi haƙuri da abin da na yi ranar nan, gajiya ce." Kada ki jira amsa. Mai yiwuwa ta juya fuska, mai yiwuwa ta yi hawaye. Sannan ki kai maganar wurin Fada a sakramentin tuba, ki faɗe ta yadda take, ki bar ta a can. Amma ki san wani abu game da ciwon nan: shanyewar ɓarin jiki a ƙwaƙwalwa take farawa, kuma sau da yawa takan bar mutum da saurin kuka ko saurin fushi da ba shi da iko a kansu. Rashin riƙe fitsari da bayan gida ma daga can yake. Ba da gangan take ɓata shimfiɗa ba, ko da kuwa zuciyarki, da ta tuna tsohon halinta, tana raya miki cewa da gayya ne. Ina tabbatar miki babu macen da ta haifi 'ya'ya ta aurar da su da za ta so matar ɗanta ta ga tsiraicinta kullum. Wadda ta fi kowa jin kunya a gidan nan ita ce.

Tunanin nan kuwa na "da ma Allah ya ɗauke ta", kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya san shi, faɗa ne ba a yi. Ikilisiya ta bambanta abin da ya faɗo wa zuciya da abin da mutum ya zaɓa ya rungume. Motsin rai a kan kansa ba zunubi ba ne sai an ba shi masauki an yi aiki da shi. Ke da tunanin ya zo, me kika yi? Kika tashi kika dama mata kunu. Abin da kike so ya ƙare shi ne wahalar, taki da tata, kuma wannan ba mugunta ba ce. In ya sake zuwa ki mayar da shi addu'a a fili: "Ya Ubangiji, na gaji. Ka ji ƙanta, ka ji ƙaina, ka yi nufinka." Sai dai ina so ki ɗauki tunanin da tsawar a matsayin ƙararrawa. In wata rana kika ji hannunki na neman ɗagawa, ko kika ga kin fara fizgarta wajen juyawa, ki tabbatar tana kwance lafiya, ki fita tsakar gida, ki sha ruwa, ki kira wani. Mutanen kirki ma sukan cuci marar lafiya in aka bar su su kaɗai da shi babu barci.

Batun abin da ta yi miki a da, ba zan ce ki manta ba, don ba a hannunki yake ba. Katikizim ɗin ma, a inda yake bayanin "ka gafarta mana laifofinmu", ya yarda cewa daina jin zafin laifi ko manta shi ya fi ƙarfinmu, amma zuciyar da ta miƙa kanta ga Ruhu Mai Tsarki takan juya rauni ya zama tausayi. Za a kawo miki labarin Rut da Na'omi, yadda matan Baitalami suka ce surukar nan ta fi wa Na'omi 'ya'ya maza bakwai. Gaskiya ne, amma Na'omi ta ƙaunaci Rut, ta kira ta 'yata. Naki ya fi na Rut wuya. Cikin ayyukan jinƙai na ruhu akwai haƙuri da masu ɓata mana rai da gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, kuma ke da hannu kike yinsu, da ruwan ɗumi da tsumma, tun zuciya ba ta kai ga yarda ba. Ki bar ta ta iso a hankali. Kada ki matsa wa kanki sai kin ji daɗin aikin kafin ki yarda Allah ya karɓa.

To, amma kada ki ɗauka ina ce miki ki ci gaba da ɗaukar kayan nan ke kaɗai da sunan lada. A nan ne nake da magana da maigidanki, kuma in da hali ki ba shi ya karanta.

Doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka, a wuyan 'ya'yan da Mama ta haifa ta fara sauka, ba a wuyanki ba. Katikizim a lamba ta 2218 ya ce 'ya'yan da suka girma su tallafi iyayensu da dukiya da kulawa a lokacin tsufa, ciwo da kaɗaici. A Lahadin Iyali Mai Tsarki, bayan Kirsimeti, akan karanta mana daga littafin Sirak sura 3 cewa ɗa ya taimaki mahaifinsa a tsufansa, ko hankalinsa ya ragu ya yi masa uzuri. A kan gicciye ma, namiji Yesu ya danƙa wa mahaifiyarsa, kuma Yohanna ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a. Na san al'adarmu, na san ɗa namiji zai ce da kunya ya yi wa uwarsa wanka. Na yarda. Amma ɗaga ta daga gado zuwa kujera babu kunya a ciki. Ba ta abincin dare, ɗebo ruwa, shanya katifa, juya ta da tsakar dare don matarsa ta samu barci, kai ta asibiti ranar ganin likita, duk babu kunya a ciki. Sau da yawa ba kunya ce ke korar 'ya'ya maza daga ɗakin ba, tsoro ne, ba sa so su ga uwarsu a haka. Ki yi masa maganar da wannan fahimtar, ba da faɗa ba, kuma ba lokacin da ya shigo a gajiye ba. Ki ce, "Baban yara, jikina ya fara gazawa. In na kwanta, mu biyu za ka yi jinya."

Daga nan ku zauna da biro da takarda ku rubuta abin da jinyar ke ci a wata: maganin hawan jini, pampas na manya, sabulu da omo, safar hannu, kuɗin keke zuwa asibiti, kuɗin gashin ƙashi, gawayi ko gas na dafa ruwan wanka. Shi zai kira ƙannensa, ba ke ba, don maganar suruka a irin wannan takan koma wani abu dabam. A raba kuɗin, kowa ya san nasa da ranar da zai turo. Daga ciki a fitar da na wata mata mai hankali da za ta riƙa zuwa ko da rabin yini ne. Ta Bukuru ba ta da uzurin waya, mota ɗaya ce tsakaninku, ta ɗauki Asabar ko Lahadi ta zo ta kwana. Na Abuja ya zo ƙarshen wata ya ga uwarsa da idonsa, domin wanda bai ɗaga marar lafiya ba bai san nauyinsa ba. In sun ce hidimomi sun yi musu yawa, har da na coci, a tuna musu Markus sura 7, inda Yesu ya tsauta wa masu ce wa iyayensu taimakon da za ku samu daga gare ni na riga na keɓe wa Allah. Wanda yake da abin yin alkawari a bikin godiyar girbi yana da na maganin uwarsa. In magana ta ƙi ci, a sa baffansu ko katikis ɗin ƙauyensu ya shiga.

Maganar Mas kuwa, a cikin garin Jos tana da sauƙi fiye da yadda kike zato. Yawancin coci-cocinmu ba Mas ɗaya suke yi ranar Lahadi ba. Maigida ya je na farko ya dawo ya karɓe ki, ke ki je na biyu. Inda ake Mas da yammacin Asabar, dokar Ikilisiya ta ce shi ma ya cika wajibin Lahadi. Ina so ki koma, ba don kina da laifi ba, sai don kina bukatar abincin ranki, kina kuma bukatar ki yi wanka, ki ɗaura ɗankwali, ki fita ki ga mutane.

Zumunta fa? Ban ji daɗin tarar nan ba, ban kuma ji daɗin bakin da ya ce kin yi sanyi ba. Amma kafin ki yi fushi ki tambayi kanki ko sun san halin da kike ciki dalla-dalla. Mu mata mun iya cewa "lafiya lau" alhali muna nutsewa. Ki je wurin shugabarku a gida, ba a taro ba, ki faɗa mata komai, har da warin ɗaki da rashin barci. Ki roƙi abu takamaimai, kada ki ce "ku sa mu a addu'a" ki yi shiru. Ki ce kina son mata biyu da za su riƙa karɓarki na awa uku sau ɗaya a mako, su zauna da Mama ki yi barci ko ki je kasuwar Taminus. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na san matan Zumunta, in an nuna musu ƙofa sukan shiga da ƙarfinsu. Abin da ba kya bukata shi ne mata ashirin su cika falo da waƙa, ke kina ta neman kujeru da abin sha, su tafi su bar ki da wanke-wanke. Irin wannan ziyara takan ƙara wa mai jinya aiki, ya kamata ƙungiyoyinmu su gane haka. A Lijon kuma ki gaya wa shugaban rukuninku a ba ki hutu, ko a mayar da ke cikin mataimaka, waɗanda ba sa zuwa taron mako, aikinsu shi ne rosari da addu'o'in Lijon a gida. Tsarin ƙungiyar ya tanadi wannan. 'Yan'uwanki na Lijon su sa gidanku cikin gidajen da ake ziyarta. Shekara nawa kina zuwa gidajen wasu? Yanzu layi ya zo kanki, ki buɗe ƙofa. In kuɗin magani ya gagara, 'yan ƙungiyar Binsent na Paul da ke cocinku don irin wannan suke, tun da Frederik Ozanam da abokansa ɗalibai suka fara ta a birnin Faris a 1833 aikinsu ke nan, bin mabukata har gida. Maƙwabciyarki mai aiko da kunu kuma, Allah ya saka mata. A garin da ya ga abin da Jos ta gani, wannan kwanon kunu ba ƙaramin abu ba ne. Ki karɓa da hannu biyu, ranar Kirsimeti ki aika mata da nata.

Akwai wadda ba ki yi maganar ranta ba a wasiƙar, ita ce Mama. In kin yi Lahadi uku ba ki je coci ba, ita ta shekara. Ta fito daga ƙasar Shendam, inda Fadan SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika, suka fara kafa mishan a 1907, kuma tsofaffin wajen da yawa da addu'o'in nan aka yaye su. Ki je ofishin coci a rubuta sunanta cikin marasa lafiyar da ake kai wa Kominiyon, wato Jibin Ubangiji, a gida, ki kuma roƙi Fada ya zo ya shafe ta da mai. Mutanenmu suna tsoron wannan, suna ganin in Fada ya shigo da mai to an gama. Ba haka ba ne. Wasiƙar Yakubu sura 5 cewa ta yi in wani ba shi da lafiya a kira dattawan Ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya fayyace cewa wannan sakramenti ba na waɗanda ke bakin mutuwa kaɗai ba ne. Ba ya bukatar wani shiri mai yawa: ɗan tebur, farin ƙyalle, gicciye, kyandir, kofin ruwa. In haɗiya na ba ta wuya ki gaya wa Fada tun da wuri, ɗan ƙaramin gutsure ya isa. Ke ma za ki iya karɓa tare da ita, kuma dokar azumin awa ɗaya kafin Kominiyon ba ta hau kan tsofaffi, marasa lafiya da masu jinyarsu ba.

Na taɓa raka wani Fada irin wannan ziyara a Angwan Rukuba, wurin wata tsohuwa da ciwon ya tafi da maganarta, ko sunan jikokinta ba ta iya kira. Da aka fara "A gaishe ki Maryamu", sai ga leɓenta na motsi, ɓari ɗaya a karkace, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. 'Yarta ta rufe baki da gyale. Likitoci sun san wannan: abin da aka haddace tun ƙuruciya, addu'a ko waƙa, yakan fita ko da maganar yau da kullum ta ƙi. Ki gwada da Mama. Maimakon ki jira sai dare ya raba, kin gaji liƙis, ki ɗauki rosari barci ya sace ki, ki yi gida ɗaya kawai, wato "A gaishe ki Maryamu" guda goma, da yamma a bakin gadonta, yara su zauna a ƙasa su amsa. Ki sa carbin a hannunta mai lafiya. In da waƙar Zumunta da take so, ku rera mata. Ta haka addu'arki da jinyarki za su daina jan ki gefe biyu. In kuma kin yi addu'ar ba ki ji komai ba, ki sani Uwa Teresa ta Kalkata, wadda aka ayyana waliyya a 2016, ta yi shekaru masu yawa tana hidimar marasa lafiya cikin irin wannan bushewar rai, sai bayan rasuwarta a 1997 duniya ta sani daga wasiƙunta.

Bari in ƙara miki kaɗan na jiki, don jinƙai ba ya hana gyambo. A riƙa juya ta kamar kowace awa biyu, a duba ƙugu, gindin baya, diddige da kafaɗa. In kika ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu bai washe ba bayan an ɗauke nauyi a kansa, a nuna wa nas tun bai fashe ba. A sa ledar shimfiɗa a ƙarƙashin zani, a kiyaye jiƙa. Kada a ba ta abinci a kwance, a zaunar da ita sosai, cokali kaɗan-kaɗan, ta kuma zauna kamar rabin awa bayan ta gama. In tana tari ko muryarta na canzawa in ta sha ruwa, ki gaya wa likita, domin abinci na iya bin hanyar huhu. Kada a ja ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi ko don wani ya kawo na gargajiya. A sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa da ke Lamingo, ko duk inda kuke zuwa, ki roƙa su nuna muku, ke da maigida, yadda ake motsa mata gaɓoɓi da yadda ake ɗaga ta ba tare da bayanki ya tafi ba. Sanyin Jos kuma kin san shi daga Disamba zuwa Janairu: a ƙara bargo da safa, amma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba a ji ba, kada kuma a jingina abu mai zafi a ɓarin da ba ta ji, za ta ƙone ba ta sani ba. Ranar da aka auna jininta, ke ma ki miƙa hannu a auna naki. In kuka ya zame miki na kullum, abinci ya fita ranki, ko barci ya ƙi zuwa ko da kin samu dama, ki faɗa wa likitan a fili.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Cewa a mayar da ita ƙauye ba laifi ba ne a kan kansa. Ba a rubuta ko'ina cewa dole sai a ɗakinki za a yi jinyar ba. Abin dubawa shi ne wa zai karɓe ta a can. In akwai 'yar'uwa mai ƙarfi da ta yarda da zuciya ɗaya, akwai inda za a riƙa auna jininta da samun magani kusa, 'ya'yanta za su ci gaba da turo kuɗi suna zuwa, ita ma Mama da aka tambaye ta ta nuna tana son gida, to wannan shawara ce da iyali za su iya yankewa da hankali kwance. Tsofaffi da yawa sun fi son su ji yarensu da muryar maƙwabtansu. A tambaye ta, ko da da kai za ta amsa, don ciwo bai ƙwace mata 'yancin faɗin ra'ayinta ba. Amma in mayarwar na nufin a ajiye ta a ɗaki wurin wata tsohuwa irinta ko wata jika 'yar makaranta, kowa ya juya baya, to wannan yasarwa ce, kuma na san ba za ki samu salama da ita ba. Tsakanin biyun akwai hanya ta uku da ban ga kun gwada ba: a yi karɓa-karɓa, wata uku a wurinku, wata uku a Bukuru, inda asibitinta bai yi nisa ba. Kada ki yanke komai a wannan makon da kike a gajiye. Ki fara da maigida da takardar lissafi, sannan shugabar Zumunta, sannan ofishin coci. In an yi wata biyu da taimako a hannu kika ga har yanzu abin ya fi ƙarfinki, ku sake zama a kan maganar ƙauye, a kira ƙannen duka su zo.

Ki gaida Mama da jiki, ki gaida yara.